Abin da aka tattauna kan ɗakunan karatu da al'adun jama'a

1. An yi ittifaki cewa ɗakin karatu na kowa ne, kuma mutum kan saki jiki idan ya ga littafin harshensa a kanta.
2. Da yawa sun jaddada adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu: a ɗauki hotonsu a kwamfuta tun kafin gara da danshi su cinye takardun. A nan aka fi daɗewa, kuma ya cancanta.
3. A riƙa gayyatar dattawa su ba da tarihi da tatsuniya, a naɗi muryarsu da izininsu.
4. Ra'ayi ya rabu kan sa komai a intanet. Wasu sun ce ilimi bai ƙi yaɗuwa ba. Wasu sun ce akwai abin da masu shi kaɗai za su yanke hukunci a kai.