Yadda muke haɗa takin gargajiya daga sharar gida

Uwargida daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida inda nake shuka alayyahu, tumatir da kuɓewa, kuma tun da takin zamani ya yi tsada na haƙa rami ina zuba ɓawon doya, ɓawon ayaba da ganyen mangwaron da muke sharewa. Da damina ramin yakan yi ɗoyi har maƙwabta su yi magana, da hunturu kuwa ganyen yana nan yadda na zuba shi. Ina roƙon waɗanda suka saba su faɗa mini yadda suke yi.

Mai lambu daga Kura:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗoyin nan alama ce ta cewa ruwa ya kwanta a ramin, iska ba ta shiga. Ni da damina a kan tudu nake tarawa, in rufe da tsohuwar tabarma. Nakan fara shimfiɗa sassararren karan dawa, in zuba ɗanyar shara, in bi ta da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa wanda ya ninka ta, sannan in barbaɗa kashin awaki, haka hawa-hawa har tsibin ya kawo ƙugu. Duk mako biyu a juya shi. Idan kika soka sanda a tsakiya ta fito da ɗumi, to aiki yana tafiya, domin zafin cikinsa yakan kai digiri 60, kuma shi ne yake kashe irin ciyawar da zai dame ki a lambu.

Malamar makaranta daga Maraɗi:
'Yar'uwa, matsalarki ta hunturu mu ita ce tamu kusan duk shekara. Ramina a inuwar dogon yaro yake, kuma ruwan wankin gero da na shinkafa nake yayyafa masa, ban da mai sabulu. Ki damƙi takin a hannunki: idan ya dunƙule bai ɗiga ba, laimar ta yi daidai. Cikin wata uku yakan koma baƙi mai ƙamshin ƙasa.

Dattijo daga Kano:
'Yata, da ina yaro na ga manoman karkara suna shigowa birni da jakuna, su cika mangala da takin juji su kai gona kafin ruwa ya sauka. Sharar lokacin toka ce da kashin dabbobi, ta yau kuwa cike take da leda da mataccen batir, don haka ki ware su tun daga madafa. Toka kaɗan ta isa, yawanta yana rage wa takin ƙarfi. Kada ki sa nama, kifi ko abinci mai maiƙo, domin ɓeraye za su tare miki a gida. Kashin kaji kuma sai ya ruɓe sosai, ɗanyensa yana ƙone saiwar tumatir.