Lambar motata ta gaba tana cikin gilashi, shin na saɓa doka?

Mai Golf daga Zariya:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san dokar hanya. Makonni uku da suka wuce wani mai a-daidaita-sahu ya goge mini bambar gaba, wurin da ake ɗaure lamba ya tsage, sai na cire lambar na jingina ta a jikin gilashin gaba daga ciki kafin in sami kuɗin gyara. Ta baya tana nan daram, sai dai rana ta cinye ta har haruffa biyu sun kusa ɓacewa. Ranar Asabar zan kai iyali Kano, kuma ba na son a tsare ni a hanya da yara a mota. Shin ajiye ta a cikin gilashi ya wadatar? Kuma ya halatta in sa mai fenti ya bi haruffan ta bayan?

Tsohon Direban Tasha:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye lamba a cikin gilashi bai wadatar ba. Dokokin zirga-zirga na ƙasa na shekarar 2012 sun buƙaci mota ta ɗauki lamba biyu, gaba da baya, kowacce a kafe a jikin motar daga waje inda za a karanta ta ba tare da wani abu ya kare ta ba. Wadda aka jingina a gilashi hasken rana yana hana a gan ta, birki ɗaya kuma ya isa ya kifar da ita. A takardar laifuffukan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, tarar da aka daɗe da sani kan wannan laifi naira 3,000 ce, amma ɓata lokacin da za ka yi a bakin titi da iyali ya fi kuɗin ciwo. Ka je wurin mai gyaran bodi gobe, zai huda bambar ya ɗaure ta da noti biyu kafin ka gama shan shayi.

Hajiya Mai Shari'a:
Ina goyon bayan abin da Baba Direba ya faɗa, sai dai zan tsaya kan tambaya ta biyu, domin ita ce ta fi haɗari. Kada ka bari mai fenti ya taɓa lambar nan. Launin haruffa yana da ma'ana a doka: shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati, baƙi kuma na sojoji da makamantansu. Haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista. Da zarar hannu ya bi ta da fenti, ko aka buga wata a shagon masu rubutun allo, ta tashi daga lambar da hukuma ta bayar, kuma jami'in da ya gan ta yana da dalilin zargin cewa ta bogi ce.

Game da koɗewa, a watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukuncin cewa FRSC ba ta da hurumin cin tarar direba saboda lambarsa ta koɗe, tunda ita ce ke buga lambobin. Amma kotun ba ta ce a ci gaba da yawo da lambar da ba ta karantuwa ba. Ta nuna cewa mai motar ya nemi a sake masa wata ya biya kuɗin da ya dace. Saboda haka ka ɗauki takardun motarka ka je ofishin lasin na hukumar tattara haraji ta jiharku, ka nemi a sake buga maka lambarka, kuma ka riƙe rasit a mota har ta fito. Ni abin da ya fi damuna shi ne ranar da, Allah ya kiyaye, aka sace mota ko aka buge mutum aka gudu, domin a ranar lambar nan ce kaɗai abin da shaida zai iya riƙewa.

Mai Golf daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na riga na yi magana da mai bodi, zai ɗaure ta gaba da safe, ranar Litinin kuma zan je ofishin lasin kan ta bayan.