Digiri a akwati, hannu a karofi

Mai Shuni: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku kenan da gama bautar ƙasa, akanta na karanta, kawuna ya samo min gurbi a wani banki amma wallahi zuciyata tana marinar Ƙofar Mata ta Kano, tun ina aji biyu a jami'a duk Asabar can nake wuni ina koyo, a gida an kasa gane ni shi ne na ce bari in kawo nan mu yi ta a waƙe yadda muka saba. Amsa-amo "ni" ne, duk mai shigowa ya riƙe.

Shekara huɗu na yi ina ta lissafi,
Zuciyata na karofi wajen rini.

Kawu ya ce ga banki, ga kwat, ga ofis,
Ni ko warin baba shi yake ja ni.

In ka tsoma farin zane ka ɗago shi,
Kore zai fito, dakata ka gani.

Iska na bugunsa sai ya rikiɗe,
A gaban idonka ya koma shuni.

Tun ranar da na fara ganin wannan,
In na kwanta barci shi ke tashe ni.

Baba Akawu: Ɗana na karanta har sau biyu. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, a Kakuri ta Kaduna na zauna, a kan idona masaƙar KTL da aka buɗe 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, maƙwabtana magidanta suka koma acaba da furfurarsu, don haka in na ji yaro zai jingina rayuwarsa da tufa sai gabana ya faɗi.

Ɗana saurara da kunnen basira,
Ƙwai a baka ya fi kaza a gun wani.

Albashi ko kaɗan ne yana zuwa,
Damina da shi, haka nan cikin rani.

Je ka ƙirga ramukan Ƙofar Mata,
Nawa ke da ruwa? Dawo ka faɗa mini.

Atamfar Sin ta cika Kantin Kwari,
Mai arha ake bi a wannan zamani.

'Yar Damagaram: Baba a gafarce ni in ɗan sa baki, mu nan Nijar har gobe Buzu in zai yi ado na gaske turkuɗin Kura yake nema, wanda ya sha bugu yana walƙiya har ya bar shuni a fata, ku zo bikin gishiri na Ingal a watan Satumba ku ga rawuna.

Baba, kasuwar shuni ba ta mutu ba,
Ta yi nisa ne da mai yin rini.

Ɗan tsakiya ke kwashe ribar duka,
Marini ya tashi da baƙin hannu, ka gani.

Juya naira ashirin ka ga Ladi Kwali,
Da yumɓu ta kai inda ba ka tsammani.

A 1977 jami'ar Zariya,
Ta kira ta dakta, duniya ta sani.

Gwaggon Yara: Ni dai uwa ce, kuma duk cikinku ba wanda ya tambayi halin da mahaifiyarsa take ciki, ni na san me ake sayarwa kafin a biya rajista.

Yaro, wa ya biya kuɗin makaranta?
Wa ya sai da akuya don ka yi sani?

Ta ga ranar da za ka sa hular digiri,
Ta ce wahala ta ƙare, Allah ya ji ni.

In za ka karofi je ka da yardarta,
Hawayen uwa ba shi da magani.

Mai Kyamara: Gwaggo ta gama magana. Ni na bi irin hanyar nan, na ajiye koyarwa na kama ɗaukar hoto, shekara biyun farko sai da na sai da babur ɗina na biya hayar shago, abokai suna ɗaukar albashi ni ina jiran wanda ya ce gobe zai turo, ban yi nadama ba amma duk wanda ya ce maka da daɗi a farko bai taɓa yi ba.

Ƙanena so kaɗai ba ya cika tukunya,
Sai da jari da haƙuri da tunani.

Ka yanka wa kanka wa'adi ka rubuta,
In ya cika ba ci, ka sake bayani.

Mai Shuni: Na gode iyayena da yayyena. Baba na ƙirga ramukan tuntuni, gaskiyarka ne da yawa sun bushe, amma a allon bakin ƙofar shekarar 1498 aka rubuta kuma har yau akwai dattawan da ke zuba baba da toka da kanwa su jira makonni ruwan ya nuna, abin da na ga babu shi ne littafin shiga da fita, mutum zai rina zane kwana da kwanaki bai san nawa ya kashe ba, ɗan tsakiya ya yanka masa farashi. Daga alawin bautar ƙasa na dubu 77 na tara ɗan abin da zan sayi farin yadi in biya matan da ke ɗaurin zane.

Baba, lissafin nan ba zai zube ba,
Shi zan ɗauka in shiga da shi rini.

Yaya, na yanka wa'adin shekara guda,
In ban tsaya ba, ofis ya gan ni.

Gwaggo, maganarki ta hana ni sukuni,
Daren jiya Inna ta ƙi duba ni.

Akwai zanen da na rina da sunanta,
Sau tara na tsoma, ya sha shuni.

Gobe da asuba zan kai mata ɗaki,
In durƙusa, in ji me za ta ce mini.

Gwaggon Yara: Ka tafi da goro, kuma kar ka fara da maganar banki, bari ta warware zanen tukuna.