Musayar Baitoci a Kan Sawakin, Tsohuwar Tashar Alhazai a Sudan

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga tsarabar Sawakin:

Na je Sawakin ta bakin Maliya,
Tsibiri ne, teku na kewayewa.
Duwatsu jajaye sun tsaya daga yamma,
Ƙaya ce kawai ke iya tsirowa.
Benaye na murjani hawa biyu har uku,
Gishiri ya ci su, suna zubewa.
Nan kakanninmu suka jira jirgin Jidda,
Bayan shekaru a ƙasa suna takawa.

Baban Sadik, Zariya:
Ɗan Mai Wurno ka je ka ga kufai,
Ka dawo mana kana yabawa.
Bango ya faɗi, kyanwa ce ke gadi,
Wannan ne garin da kake nunawa?
In tsufa kake so ka zo Zazzau ka ga ganuwar Amina,
Tana nan daram ba ta gushewa.

Ɗan Mai Wurno:
Baban Sadik, yaushe ka san teku?
Kubanni ce ka iya tsallakewa.
Kufan da ka raina Turkawa sun mulke shi,
Fataken Hindu da Masar na saukewa.
Ganuwar da kake faɗa mun gan ta,
Magina na ɗiba, tana ƙarewa.

Hajiya Talatu, Damagaram:
Allah ya ƙara basira, ɗana! Wannan shi ne baiti. Kakana ta nan ya bi, sai da ya yi noman auduga a yankin Jazira na Sudan kafin ya tara kuɗin jirgi. Wanda bai san zafin tafiyar ƙafa zuwa Makka ba shi ne zai kira wurin nan kufai.

Bazazzagi Na Asali:
Hajiya, a yi adalci mana. Duk abin da ɗan Sudan ya rubuta sai ki tafa, namu kuma ko kallo.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata. Baban Sadik, ɗangon ganuwar Amina ya karye, ya fi 'yan'uwansa tsawo nesa ba kusa ba. Kai ma Ɗan Mai Wurno, na benaye yana ɗingishi. Amsa-amon "wa" kaɗai kuka riƙe, karin kun sake shi.

Baban Sadik, Zariya:
Malam, waƙar Hausa kunne ke auna ta,
Rera ta ka ji in tana tsayawa.
Ma'aunin Halilu na Larabawa ne,
Ba dole ba ne mu yi ta binsa kullum muna ƙirgawa.

Malam Mai Aruli:
To ga shi ka sake karya na ƙarshen. Malaman jihadi da wannan ma'aunin suka yi waƙoƙinsu na Hausa, ba wanda ya ce Larabci suka yi.

Bazazzagi Na Asali:
Malam, kai kuma ina naka baitin? Gyara kawai muke gani.

Malam Mai Aruli:
Ba sai na saƙa ba kafin in gane zaren da ya tsinke.

Gambo Direba (bayan kwana uku):
Na makara, hanya ce ta riƙe ni. Ku bar faɗan kari ku ji abin da ya kashe garin. Murjani ya matse mashigin, manyan jiragen hayaƙi ba sa iya shiga, sai Turawan Ingila suka fara gina Port Sudan a 1905 daga arewa, kasuwa ta koma can. Ga nawa baitin, a ciki akwai Usman Diƙna, jagoran yaƙin Mahadin Sudan, da mutanensa 'yan ƙabilar Hadandawa, da Kicina, hafsan sojan Ingila:

Usman Diƙna ya tsare ta da Hadandawa,
Bature na ciki yana kaffewa.
Ƙofar Kicina tana nan har yanzu,
Amma masu gidajen sun yi tashewa.
Masallacin Hanafi da na Shafi'i,
Turkiyya ta zo tana gyarawa.

Ɗan Mai Wurno:
Yaya Gambo ka biya ni. Na ga masallatan da idona, farare tas a tsakiyar ɓaraguzai. A gefe guda wani dattijo na dafa gahawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa, masunta na ɗinkin koma. Kuma har gobe jirgin Jidda na tashi daga tashar da aka sa wa sunan Usman Diƙna.

Malam Mai Aruli:
Gambo, "sun yi tashewa" ba Hausa ba ce, amsa-amo ne ya tilasta ka.

Baban Sadik, Zariya:
Malam ka bar Gambo, ni nake da bashi. Ɗan Mai Wurno, zancen Kubanni bai wuce ba, jira ni bayan Isha'i.