Rigar sandar wanke gilashi tana saurin bushewa

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum. Ina wanke gilasan shaguna, amma rigar sandata, wato ƙyallen da ake sa wa sandar don jiƙa gilashi, takan bushe kafin in ɗauko robar share ruwan. Wace iri zan saya?

Daga Makka: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Nemi ta maikurofaiba (yadi mai siraran zare sosai) mai kauri, mai tsawon santimita 35, domin ta fi riƙe ruwa. Sai dai kada ka wanke ta da sinadarin tausasa tufafi, yana hana zarenta shan ruwa.

Daga Riyad: Malam, ina ganin laifin rana ne. Ka fara aiki bayan asuba, kafin gilashin ya ɗauki zafi. Ka kuma riƙa ɗauraye rigar a bokiti, don yashin da ya maƙale mata yakan karce gilashi.