Neman shawara: yawon tsibirai a jirgin ruwa ga wanda bai taɓa ganin teku ba

Ɗan Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina mun shekara uku muna tara kuɗi domin mu yi tafiyar hutu guda ɗaya wadda ba Umra ba ce, ba kuma ziyarar dangi ba, kuma abin da ya kwanta mana a rai shi ne mu je inda ake shiga jirgin ruwa a sauka a wannan tsibiri yau, gobe a tashi zuwa wani. Iyakar sanina da ruwa shi ne kwale-kwalen da na taɓa shiga a madatsar Dadin Kowa, ita kuwa ko wannan ba ta taɓa yi ba. Muna son gaɓa mai shiru, inda mace za ta tsoma ƙafa a ruwa da hijabinta ba tare da an zuba mata ido ba. Malamar makaranta ce, saboda haka lokacin da muke da shi shi ne dogon hutun watan Agusta, kuma kwana goma muka ware. An ambata mana Maldibi da Zanzibar. Wanne ya fi dacewa da irinmu, kuma tsibirai nawa mutum zai iya zagawa a wannan lokaci?

Tsohon Ma'aikaci, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malam. Na je Maldibi sau ɗaya, kuma ta fuskar addini ban ga inda ya fi ta sauƙi ba, domin ƙasar Musulmi ce gaba ɗayanta. Tsibiranta sun kusa 1,200, amma waɗanda mutane ke zaune a cikinsu ba su wuce wajen 200 ba. Kada hotunan ɗakunan da aka gina a kan ruwa su ruɗe ka. Waɗannan tsibiran manyan otal ne, kuma kwana ɗaya a cikinsu yana iya cinye albashinka na watanni. Tun daga 2009 aka yarda ’yan ƙasa su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, kuma nan ne wurin irinmu. A can ba a sayar da giya, akwai masallaci a kowane tsibiri, sannan Turawa masu son shan rana an keɓe musu gefe guda an kewaye, sauran gaɓar kuma ta mutanen gari ce, mata suna shiga ruwa da suturarsu.

Ni a Maafushi na sauka, kudu da Male, babban birnin ƙasar. Jirgin haya na gwamnati yana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Jirgi mai gudu bai kai awa ɗaya ba, amma kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Daga can na je Gulhi da Guraidhoo, waɗanda ke kusa kuma sun fi shiru. Ka sani jiragen haya na gwamnati ba sa tashi ranar Juma'a, kuma hanyoyinsu da yawa sai an koma Male kafin a kama wata, don haka tsibirai biyu da ke maƙwabtaka a taswira suna iya zama tafiyar yini guda.

Wani abu da ya taɓa ni: kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan kuɗin Turawa, da yawa daga cikinsa daga waɗannan tsibirai aka riƙa kwaso shi. Na tsinci guda ɗaya a rairayi na daɗe ina juya shi a tafin hannuna, ina tunanin nisan da ya ci kafin ya isa kasuwar Kurmi.

Sai dai watan da ka zaɓa bai yi mini ba. Daga Mayu zuwa wajen Oktoba daminarsu ce, iska tana tasowa daga kudu maso yamma, teku tana tashi, wani lokaci a soke jirgi. Lokacin da ruwa ke kwantawa shi ne daga Disamba zuwa Afrilu.

Uwar Biyu, Jekadafari

Alhaji ya faɗi gaskiya game da lokaci, kuma saboda haka ne nake ganin in dai Agusta ne ba makawa, Zanzibar ta fi. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, Agusta kuwa rani ne mai sanyi-sanyi, ko da yake akwai iskar kudu da suke kira kusi, wadda takan tayar da igiyar ruwa musamman bayan azahar. Mu ta Addis Ababa muka bi daga Abuja muka sauka a tsibirin kai tsaye.

Ƙanena, ka cire lissafin yawan tsibirai daga ranka. Mu ma da niyyar zaga biyar muka tafi, muka ƙare a uku, kuma da biyu muka yi da mun fi jin daɗi. Ku kama masauki ɗaya a tsohon birnin da ake kira Stone Town, ku riƙa fita da safe ku dawo da yamma. Tsibirin Changuu bai fi tafiyar rabin awa ba, kuma a can ake ganin manyan kunkurai waɗanda wasunsu sun haura shekara 100. Akwai kuma Nakupenda, wanda ba tsibiri ba ne sosai, tudun farin rairayi ne a tsakiyar teku, babu bishiya ko ɗaya, kuma idan ruwa ya cika sai ya shanye shi. Mun isa da hantsi muka tarar da mutane ƙalilan, masu jirginmu suka kafa rumfar yadi suka gasa kifi, ni da ’yata muka shiga ruwa har gwiwa muna ganin yatsun ƙafafunmu kamar a cikin kwano. Kafin azahar jirage sun cika wurin, shirun ya ƙare. Wanda ke son kaɗaici sai ya yi sammako, ko ya ɗauki shatar jirgi shi da iyalinsa.

A gaya wa Malama ta nemi sutura mai kauri kaɗan kuma mai duhun launi, domin atamfa da farin hijabi suna manne wa jiki idan sun jiƙe. Sannan ku lura da alƙibla. Mu nan mun saba cewa a duba gabas, amma a Zanzibar Makka tana arewa sak, kuma maigidana sai da ya tayar da kabbara yana fuskantar inda rana ke fitowa kafin mai jirgi ya juya shi.

Malamin Bolari

Tunda Hajiya ta taɓo salla, zan ƙara cewa ruwan teku yana tsarkakewa, ana alwala da shi, kuma abin da aka kamo daga cikinsa halal ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ya daina kasaru, saboda haka idan kun bi shawarar kama masauki ɗaya, cika salla za ku yi.

Amma abin da ya sa na saka baki shi ne jirgin kansa. Gaɓar da babu kowa tana nufin babu mai ceto, kuma mu mutanen tudu yawancinmu ba mu iya iyo ba. A 2011 jirgin fasinja mai suna Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, saboda lodin da ya wuce kima, mutane da yawa suka rasu, shekara ta gaba kuma wani ya sake kifewa a hanyar Darussalam zuwa Zanzibar. Ni kaina wani mai ƙaramin jirgi ya taɓa kai mu tsakiyar ruwa injinsa ya mutu, mu tara a ciki, rigunan ceto huɗu kacal, ɗaya ma igiyarta a tsinke. Kusan awa ɗaya igiyar ruwa tana jijjiga mu, wata baiwar Allah tana ta amai, kafin wani jirgin masunta ya ja mu. Tun daga ranar ba na taka jirgi sai na ƙirga rigunan da idona, na saka tawa na ɗaure tun muna bakin gaɓa, kuma na tambayi mai jirgi ƙarfe nawa ruwa zai cika. Idan ya yi ta kame-kame, sai in nemi wani. Ku sha maganin jiri kafin ku shiga, ba bayan zuciya ta fara tashi ba, ku zauna a tsakiyar jirgi kuna kallon nesa.

Ɗan Tudun Wada, Gombe

Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa Malama duka, kuma mun tsaya a kan Zanzibar a watan Agusta, masauki ɗaya, fita biyu ko uku da sassafe. Maldibi mun ajiye ta sai wani Disamba idan Allah Ya hore, domin labarin kuɗin wurin nan ya shiga raina. Katin rigakafin cutar shawara muna da shi tun bara. Hajiya, don Allah shatar jirgi zuwa Nakupenda a masauki ake shirya ta, ko kuwa mutum yakan je bakin ruwa ya yi ciniki da masu jirgi da kansa?

Uwar Biyu, Jekadafari

Duka biyun ana yi. Na bakin ruwa ya fi araha idan ka iya ciniki, amma ka je da yammacin ranar da ta gabata ka ga jirgin da rigunansa, ku yanke lokacin tashi da na dawowa, kuma kada ka biya cikon kuɗin sai kun dawo kun taka ƙasa.