Dashen kitse a mama: sunan da ya dace da wannan tiyata

Akwai tiyatar da ake ƙara wa mace girman mama ba tare da an sa mata silikon ba, wato jakar roba mai laushi da ake cusawa a cikin mama. Likita yakan zuƙo kitse daga cikinta ko cinyoyinta ko ƙugunta da siririn bututu, ya tace shi daga jini da ruwa, sannan ya shigar da shi cikin maman ɗigo-ɗigo. Har yau ba mu tsayar wa wannan tiyata da suna ɗaya a Hausa ba, kuma abin ya dame ni, domin sunan da aka raɗa wa aikin asibiti shi ne bayanin farko da marar lafiya take ji.

Wasu suna cewa "allurar kitse". Wannan suna ban yarda da shi ba ko kaɗan, saboda duk wadda ta ji allura za ta ɗauka abu ne na minti biyar da kowa zai iya yi mata, alhali tiyata ce a wuri biyu, inda aka ɗebo da inda aka zuba, kuma sai an kashe zafi ko an sa ta barci. "Ciko" ya fi wannan kusa, amma ciko abu ne marar rai da ake cusawa ya cike gurbi, kamar cikon haƙori, don haka a bar wa silikon shi.

Kalmar da ta zauna daram ita ce "dashe". Wanda ya taɓa cire tsiro ya mayar da shi wani wuri ya san cewa kwanakin farko yakan yi yaushi, wani ya kama, wani ya bushe. Haka kitsen nan yake. Ƙwayoyinsa masu rai ne, kuma sai ƙananan jijiyoyin jini sun tsiro sun ratsa su kafin su rayu, shi ya sa ba a zuba shi dunƙule guda. Wanda bai kama ba jiki yakan shanye shi cikin watanni, wani lokaci kuma ya bar ƙululu mai tauri ko 'yar jakar mai. Wanda ya kama ya zama ɗan gida: idan ta yi ƙiba ya ƙaru, idan ta rame ya ragu. Mace da aka ce mata "dashe" ba za ta yi mamaki ba idan likita ya ce ƙarin ba zai yi yawa ba, ko kuma sai an sake zagaye na biyu.

Tarihin aikin ma dashe ne. A 1895 likita Vincenz Czerny na Jamus ya cire wani ƙullin kitse daga bayan wata mata ya gyara mata maman da aka yanke wa ƙari. A 1987 ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta yi tir da aikin, don tsoron kada kitsen da ya mutu ya rikita hoton binciken sankarar mama, sai a 2009 ta sassauta matsayinta.

Na zaɓi "mama" a kan "nono" domin nono yana nufin gaɓar da kuma ruwan da take fitarwa, kuma "kitsen nono" zai kai mai karatu wani wuri daban. "Maiƙo" da "teɓa" ma ba su yi ba, na farko abin da ke naso ne, na biyu kuma yana da ƙanshin gori.

Matsala ɗaya ta rage, wato mun saba jin dashen ƙoda, inda wani ne yake bayarwa, a nan kuwa jiki ba ya karɓar kitsen wani. Saboda haka a ambaton farko a rubuta "ƙara girman mama da dashen kitsen jikinta", daga nan a ci gaba da "dashen kitse a mama".